Firiji da Kuɗin Wuta

Jawabi ga masu gida da uwayen gida na Mabera, cikin birnin Sakkwato

Abin da ya kawo ni yau shi ne zancen firiji da kuɗin wutar da yake ci.

Kakanninmu randa da tulu suka sani, ba su kuwa biya kowa ko anini domin ruwa ya yi sanyi ba. Yau zamani ya sake. Da wuya mutum ya ratsa layi a Mabera bai iske gidan da ake sayar da ƙanƙara, ko zoɓo, ko kunun aya mai sanyi ba, balle cikin watan azumi. Mata da yawa da wannan sana'a suke rufa wa kansu asiri. To, abin da nake so ku riƙe shi ne, kowane firiji kuɗinsa iri biyu ne. Akwai wanda za ka ba mai kanti ranar saye, akwai kuma wanda za ka riƙa biyan kamfanin wuta kowane wata muddin firijin yana aiki. Mutane sukan yi ciniki mai zafi a kan na farko, su manta da na biyu, alhali kuwa sau da yawa shi ne babba.

Bari mu fara da yadda ake awon wuta. Abin da mita take ƙirgawa shi ake kira yunit, watau wutar da na'ura mai ƙarfin wat 1,000 za ta ci cikin awa ɗaya. Tun shekarar 2020 hukumar NERC ta kasa masu shan wuta rukuni biyar, daga A zuwa E, gwargwadon awoyin da aka yi alkawarin ba su a yini. Rukunin A awa 20 ne, na E kuwa awa 4. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga yunit ɗaya na rukunin A zuwa naira 225, daga baya cikin shekarar nan ya tsaya wajen naira 210. Sauran rukunan ba su kai haka ba. Kowa ya duba rasidin da Kaduna Electric ya ba shi, zai ga nawa ake sayar masa da yunit, sa'an nan ya yi lissafinsa da wannan.

Ga misali. A ce Malam wane yana da sabon firiji matsakaici mai tattalin wuta, wanda yake cin yunit 1 a yini. A wata ya ci yunit 30 ke nan. In yunit naira 210 ne, kuɗinsa naira 6,300. Maƙwabcinsa kuwa ya sayi tsohon firiji na gwanjo don ya ga araha, ga injin ya gaji, ga robar ƙofa ta saki, yana cin yunit 3 a yini. Nasa yunit 90 ne, watau naira 18,900. Bambancin da ke tsakaninsu naira 12,600 ne a wata, a shekara kuwa ya haura naira 150,000. Ashe gaskiyar masu iya magana, araha ba ta ado. In kuwa matarsa ƙanƙara take sayarwa, to, ribar tata mita ce take cinyewa, ita ba ta sani ba.

Watakila wani ya ce, me ya sa firiji ke cin wuta haka a garin nan? Dalili shi ne, aikin firiji kwashe zafi ne daga cikinsa ya zubar ta bayansa. In ɗakin da yake ciki ya yi zafi, tilas injin ya daɗe yana aiki kafin ya huta. Kun kuwa san bazarar Sakkwato, a watan Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40.

Saboda haka in za ku saya, ku duba abu uku. Na farko, takardar da ke manne a ƙofa, wadda take nuna taurari ko haruffa. A jikinta an rubuta yunit nawa firijin yake ci a shekara. Ku raba wannan gida 12, ku ga na wata, amma ku ƙara wani abu a kai, gama ba a cikin zafi irin namu aka gwada shi ba. Na biyu, ku nemi harafin yanayi a ɗan allon da ke baya ko cikin firijin. Mai harafin N an yi shi ne domin zafin da bai wuce digiri 32 ba, mai ST digiri 38, mai T kuwa digiri 43. Mai T shi ne namu. Na uku, kada ku sayi wanda ya fi ƙarfin bukatar gidanku, don babban firiji babbar wuta yake ci.

Wanda ya riga ya mallaki nasa, shi ma akwai abin da zai yi. Kada a ajiye shi inda rana take bugawa, ko kusa da murhu. A bar fili kamar faɗin tafin hannu tsakaninsa da bango, a riƙa share ƙurar bayansa, musamman bayan hunturu. Kada a sa tuwo ko kunu da zafinsa, a bari ya huce tukuna. In ƙanƙara ta yi kauri a jikin bangonsa, a kashe shi ta narke, kada a ɓamɓare ta da wuƙa. A gwada robar ƙofa: a sa takarda a rufe, in ta zare ba wuya, robar ta mutu, sai a sake ta. A kuma kwaɓi yara su daina buɗewa ba dalili. In an ɗauke wuta a bar ƙofa a rufe, gama firijin da ba a buɗe ba yakan riƙe sanyinsa kamar awa 4.

Masu janareto da masu sola, wannan magana ta fi shafarku, domin kowane yunit da aka ɓata, man fetur ne ko batir.

Jama'a, da yayyafi kogi kan cika. In kun koma gida, kowa ya ɗauki rasidinsa da alƙalami ya yi wannan lissafi tare da iyalinsa, ya kuma gaya wa wanda bai samu zuwa ba. Allah ya sa albarka cikin abin da muke nema, amin.