Shukar Binne: Jawabi a Bikin Yaye Ɗaliban Sakandare a Kebbe

 

 

Da aka aiko mini goron gayyata, aka ce in yi wa yaran nan da ake yayewa yau magana a kan abin da ke gabansu, sai na tuna da gardamar da ba ta ƙarewa a majalisun garin nan. Wani ya ce sa'a ta fi sammako. Wani ya amsa masa da cewa zomo ba ya kamuwa daga zaune. Duka biyun daga bakin kakanninmu suka fito, kuma kakanninmu ba su yi ƙarya ba. Na shekara talatin da ɗoriya ina riƙe da alli, na ga gaskiyar kowanne da idona.

Mu manoma ne, don haka bari in fara daga gona. Kowa a nan ya san binne. Tun sama ba ta haɗa hadari ba, manomi ya yi sharar gona, ya kai taki a kan jaki ko amalanke, ya sari busasshiyar ƙasa ya zuba irin gero ya rufe. Ba shi da iko da ɗigon ruwa ko ɗaya. Wata shekara ruwan ya sauka da wuri, geronsa ya riga na kowa fitowa. Wata shekara a yi yayyafi kaɗan, irin ya tsira, rana ta ƙone shi, ya koma ya sake shuka da abin da ya rage a rumbu. Idan damina ta yi kyau, a Kuchi ko Margai ko Ungushi, ruwa ɗaya ne ke zuba a kan gonar wanda ya shuka da ta wanda bai shuka ba. Ranar girbi ake ganin bambancinsu.

Ku ma kun ɗanɗana abin da ba ya hannun mutum. Kuna ƙananan aji aka rufe makarantun ƙasar nan a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, kuka yi watanni a gida. Wasunku sun kwana cikin fargabar 'yan bindiga, suka wayi gari suka ɗauki jaka suka zo aji. Babu wanda ya zaɓi wannan a cikinku. Amma akwai abin da kuka zaɓa, shi ne dawowa, kuma shi ya zaunar da ku a kan kujerun nan yau.

Ban zo yin siyasa ba, amma akwai misalin da duk ɗan mazaɓar Kebbe da Tambuwal ya sani. A watan Yuni na 2011, 'yan Majalisar Wakilai suka zaɓi Aminu Waziri Tambuwal ya zama kakakinsu da ƙuri'a 252, alhali jam'iyyarsa ta riga ta ware kujerar ga wani yankin ƙasar. Mutane da yawa suka ce sa'a ce. Lallai akwai dacewar lokaci a ciki. Sai dai kafin ranar ya yi Kwalejin Horon Malamai ta Dogon Daji, ya karanta shari'a a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya gama a 1991, ya shiga majalisar a 2003, ya shekara takwas yana koyon ƙa'idojinta da halayen mutanenta. Ko kana tare da shi a siyasa ko ba ka tare da shi, ka san an daɗe da binne irin kafin ruwan ya zo.

Addininmu ma haka ya koya mana. Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma ku duba Hijira. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, wanda ya fi kowa tawakkali, an tanadar masa abin hawa, an ɗauki ɗan jagora masanin hanya, ya ɓuya kwana uku a kogon Sauru, ya bi hanyar da maƙiya ba su zata ba. Duk wanda ya ce muku dogaro ga Allah shi ne naɗe hannu, ku tambaye shi ina ya baro wannan tarihi.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai. Muna firamare akwai wani abokina da ya fi ni ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba. Shi ke koya mini lissafi a ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Muna aji shida mahaifinsa ya rasu, ya bar ƙanne biyar, sai ya ajiye littafi ya tafi cin rani kudu. Ni kuwa ina da kawu wanda ya sayar da tunkiya ya saya mini kayan makaranta. Ban fi abokina ƙoƙari ba ko kaɗan, kawu na fi shi. Shi ya sa nake jin zafi idan na ji wanda Allah ya ɗaukaka yana cewa da guminsa kaɗai ya kai inda ya kai, talaka kuma lalaci ne ya hana shi. Ku waiga ku dubi iyayenku mata da ke zaune can baya. Wata ƙuli-ƙuli ta soya, wata akuya ta kai kasuwa, aka biya muku kuɗin jarabawa. Idan kuna neman sa'arku, ga ta can zaune da hijabi.

'Yan matana, ku saurara da kyau. Nana Asma'u ta yi dacen haihuwa a gidan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1793, gidan da ake karantar da mata kamar yadda ake karantar da maza. Ɗan'uwanta Muhammadu Buhari a Tambuwal nan kusa da mu ya zauna. Da ta so, da ta riƙe iliminta a cikin gida. Sai ta kafa 'Yan Taru, ta horar da mata jagorori da ake kira jaji, suna zuwa daga ƙauyuka suna ɗaukar karatu suna kai wa matan da ba su yi dacen irin gidanta ba. Ta rasu a 1864, kuma har yau ana cin amfanin abin da ta shuka. Asibitocin yankin nan na buƙatar ungozoma da ma'aikatan jinya mata, makarantunmu na buƙatar malamai mata, kuma daga cikinku za su fito in iyaye sun bar ku kun ci gaba. Iyaye, ina roƙonku da girman Allah ku bar su.

Sakamakon WAEC da NECO zai fito. Wanda ya samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, kada ya tsaya jiran wani babba ya kira shi. Ya cike JAMB, ya nemi Jami'ar Jihar Sakkwato ko Ɗanfodiyo ko Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari. Wanda bai samu ba, ya sake zama, kamar yadda manomi ke sake shuka. Wanda zuciyarsa ke kan sana'a, ɗinki ko walda ko noman rani a fadama, ya kama ta da hannu biyu, ya riƙa rubuta abin da ya kashe da abin da ya samu, don karatun da ya yi a nan ya shiga cikin aikinsa.

Ga masu hali da ke wurin nan kuwa, malam shugaban makaranta yana da sunayen ɗaliban da suka cancanta amma babu mai biya musu kuɗin rajista. Na ɗauki nauyin biyu daga cikin fanshona. Ina fata kafin a watse a samu masu ɗaukar sauran.

Allah ya yi wa yaran nan albarka, ya saka wa malamansu da iyayensu da alheri, ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya a ƙasar Kebbe, ya mai da kowa gidansa lafiya.