Abin da baƙona Basine ya gani a gidanmu na Wurno

Yau labarin wani baƙo zan ba ku, wanda ya yi mini tambayar da ban taɓa yi wa kaina ba.

Lokacin ina karatu a Jami'ar Bayero, Kano, na yi abota da wani ɗalibi ɗan ƙasar Sin da ya zo ƙaro ilimin Hausa. Kada ku yi mamaki, Sinawa sun daɗe da harshenmu. Gidan rediyonsu na ƙasa da ƙasa ya buɗe sashen Hausa tun 1963, kuma ana koyar da Hausa a Jami'ar Koyon Harsunan Waje ta Beijing. Hausarsa tsaf, irin ta littafi. Da aka yi hutu na ce ya biyo ni gida Wurno. Wannan kafin hanyoyin gabashin Sakkwato su koma yadda kuka sani ne.

Muna sauka ya fara cin karo. Wani dattijo ya ce, "Yaushe kunka taho?" Sai ya kalle ni. Na ce to, malam, nan Sakkwatanci ake yi, ajiye littafinka. Sannan gaisuwa. Ya ce a garinsu idan an haɗu a kan ce "ka ci abinci?", a wuce. Mu kuwa sai an tambayi gida, gajiya, iyali, har zafin rana. Da na kai shi hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu nan Wurno a 1837, tafiyar da ba ta kai minti goma ba ta ci mana kusan awa, duk saboda gaisawa.

Ana zafi kamar me, aka kawo masa ruwan randa mai sanyi, ya ce ko da na zafi? Ƙannena suka yi ta dariya. Su a wurinsu ruwan zafi shi ne lafiyar ciki. Ya miƙa wa kawuna, da ya zo daga Rabah, tsaraba da hannu biyu, wai hakan ne girmamawa a can. Kawu ya ji daɗi. Amma ranar da ya kai hannun hagu cikin akushi, sai da na taɓa shi da gwiwa.

Duk waɗannan ƙanana ne. Babbar ta zo a dare na uku, muna kwance a tsakar gida. Ya ce, "Abokina, wane laifi ka yi wa mahaifiyarka?"

Na tashi zaune. Na ce kamar yaya?

Ya ce kwana uku yana lura. Inna tana kiran kowane ɗanta da sunansa, ban da ni. Ni sai dai "wanga yaro". Na dawo daga Kano bayan wata huɗu, ba ta ko ɗaga kai sosai ba. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a gajarce ta ci gaba da tankaɗe.

Na yi dariya na ce ai ni ɗan fari ne, alkunya ce. Uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, sau da yawa ma kaka ke riƙonsa, kamar yadda aka yi mini. Ya ce, "Kuma ba ya damunka?"

Jama'a, na buɗe baki zan ce a'a, sai na ji maganar ta tsaya. Don gaskiya ina yaro ya dame ni. Na sha laɓewa ina kallon yadda take tsokanar autanmu. Ban taɓa gaya wa kowa ba.

Sai ya ba ni nasa. An haife shi lokacin da ƙasarsu ke bin dokar haihuwar ɗa ɗaya, wadda aka fara wajen 1980, aka kawo ƙarshenta a 2015. Ba shi da wa, ba shi da ƙane. Uwa da uba da kakanni huɗu, duk idonsu a kansa. Sin tana gaba da mu da awa bakwai, amma mahaifiyarsa ba ta barci sai ta ji daga gare shi ta WeChat. Ya ce wani lokaci nauyin kamar ya karya masa wuya. Kuma duk da haka iyayensa ba su taɓa furta masa kalmar so ba. Sai dai su yi ta ɗora masa nama a kwano.

Ya ce, "Ka duba kwanonka gobe."

Washegari na duba. Tuwon shinkafa da miyar kuka, kowa da nasa. Amma tsokar da ta fi girma tana ƙarƙashin malmalata, a ɓoye. Na tuna haka nake samunta tun ina ƙarami. Ina zaton sa'a ce.

Ranar da za mu koma, bayan mun je ya ga madatsar ruwan Goronyo, Inna ta ƙulle masa tafarnuwar Wurno da albasa. Da ta ji shi kaɗai ne gun iyayensa, ta ce, "Wayyo, ɗiyan mutane! To ga 'yan'uwa ka samu." Sannan ta rage murya, ba ta kalle ni ba, ta ce da shi, "Ka sa mini ido ga wanga yaro, bai son cin abinci in yana karatu."

Ban san ta sani ba.

To, matasa, da yawanku na shirin fita karatu, wasu Sin, wasu Masar, wasu Indiya. Za ku ga abin da zai yi muku kama da rashin ladabi ko rashin ƙauna. Ku yi yadda abokina ya yi: kwana uku yana kallo, sannan ya yi tambaya a keɓe, bai yanke hukunci ba. Wanda kuma yake gida, kuma ɗan fari ne irina, yau da dare ya ɗaga malmalarsa ya gani.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.