Awon Iskar Taya: Jawabi ga Direbobi da Masu Faci na Kafanchan da Kewaye



A 1974 Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar awo da ma'auni bisa tsarin mita da kilo. Yadi ya ba mita wuri, galan ya ba lita wuri, amma akwai inda tsohon awon Ingila ya ƙi tashi, watau kan gejin mai faci. Kafanchan ta daɗe da sabawa da shi, domin tun 1927 mahaɗar jiragen ƙasa ce, kuma da laba ake auna ƙarfin tururin jiragen kwal na wancan zamani.

Abin da geji ke nunawa shi ne yadda iska ke danna jikin taya daga ciki. A awon Ingila akan ce laba kaza bisa kowane inci murabba'i, ana rubuta shi PSI. A awon mita kuwa akan yi amfani da bar, ko kilofaskal mai alamar kPa. Bar 1 daidai yake da kilofaskal 100, daidai kuma da laba 14.5. Wanda zai juya bar zuwa laba sai ya ninka da 14.5, mai komowa daga laba zuwa bar sai ya raba da 14.5. Ta haka bar 2.2 ya zama laba 32, laba 100 ta babbar mota kuma ta zama bar 6.9.

Ga inda haɗarin yake. Motocin Turai, irin su Peugeot da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, da bar ake rubuta awon tayarsu. Idan mai faci ya ga 2.2 a jikin ƙofa ya ɗauka laba 22 ake nufi, to ya rage wa tayar kusan kashi ɗaya cikin uku na iskarta. Ido ba ya ganin wannan, bugun taya da ƙarfe ma ba ya nunawa. Amma taya mai ƙarancin iska takan riƙa lanƙwasa tana ɗaukar zafi har ta fashe, balle motar da aka labta wa buhunan citta daga Kwoi ko Kachia, ko wadda ke gangarowa daga Jos da fasinja cike.

Saboda haka lalle ne direba ya haddace awon motarsa ta fuska biyu, ya faɗa wa mai faci lamba da sunanta. Gejin da ke da layin lambobi biyu, a duba alamar kowane layi kafin a karanta. A auna da safe tun taya na da sanyi. Bayan doguwar tafiya geji kan nuna ƙari, domin zafi na kumbura iska. Kada a sace ta a wannan lokaci, in ta huce za ta koma daidai.