Jawabi a kan ɗan haya da ya tashi kafin wa'adi, da kuɗin ajiyarsa

Ya ku malamai da almajirai, ku sani shekarar haya ba ta cika cika ba tare da rigima ba. Mutum ya kama ɗaki, ya ba da kuɗin haya, ya ƙara da wani kuɗi wanda mai gida ke riƙewa don tsoron ɓarna. Sai a sauya masa wurin aiki, ko kasuwa ta karye, ya kwashe kayansa. Mai gida ya ce ajiya ta zama tasa, ɗan haya ya ce ba a bin sa ko anini. Duka biyu sun kauce.

Malamanmu na Malikiyya sun kasa haya gida biyu. Akwai wajiba, ita ce wadda aka yanke wa wa'adi, kamar a ce shekara ɗaya daga watan kaza. Wannan ta lazimci kowa. Akwai mushahara, ita ce a ce kowane wata kaza, ba a ambaci ƙarshe ba. A cikinta kowa yana da ikon rabuwa, sai dai gwargwadon abin da aka riga aka biya. Wanda ya ƙulla wajiba, tashinsa ba ya warware ta. Kai, ko mutuwar mazaunin ba ta warware ta, kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaid. Rushewar gida ita ke warwarewa, don amfanin da aka saya ya tafi.

Ga misali. An yi shekara a kan naira 600,000, watau 50,000 kowane wata. Ya biya rabi, ya ajiye 50,000, ya zauna wata 8 ya tashi. Wata 2 da ya zauna bai biya ba, 100,000 ke nan, bashi ne ba gardama. Wata 4 da suka saura, 200,000, su ma suna wuyansa, sai in mai gida ya sake shi, abin da ake kira iƙala. To, amma ku lura: amfanin ɗakin nan nasa ne har wa'adi ya cika. Yana da ikon ya sa wani kamarsa a ciki, wanda bai fi shi cutar da gini ba. In kuwa mai gida ya karɓi makulli ya sa wani yana karɓar haya, ba shi da ikon cin haya biyu a ɗaki guda. Nan ne masu gidaje da yawa suke zamewa, har da masu sahun gaba.

Kuɗin ajiya kuwa jingina ne. Jingina ba ta zama ta mai riƙe da ita don wa'adi ya saɓa, ko da an rubuta haka a takarda, sharaɗin ɓatacce ne. Lissafi ake yi, a cire hakki, a mayar da saura. Har malamai suka ce in kuɗi ne aka jinginar a hannun mai bin bashi, a rufe su da hatimi, don kada jingina ta rikiɗe ta zama rance. Sai a tambayi mai gidan da ya sayi siminti da ita tun ranar farko, ina hatiminsa? Ajiye ta wurin amintacce ya fi. Mutanen Ingila ma tun 2007 dokarsu ta tilasta a tsare ajiyar ɗan haya ƙarƙashin wata hukuma ta uku, a 2019 kuma suka hana ta wuce hayar mako 5 a mafi yawan gidaje.

Abin da ake cirewa shi ne bashin haya da ɓarnar ta'adi ko sakaci, kamar ƙofar da aka ɓalla, ko kuɗin wutar da ya sha bai biya ba. Fentin da ya koɗe da rufin da damina ta ci ba nasa ba ne, don ɗan haya amintacce ne a kan abin da ke hannunsa.

A misalinmu, in an yi iƙala kuma ba ɓarna, a cire 50,000 daga 100,000, saura 50,000 yana wuyansa. In ya gaza, a jinkirta masa. A rubuta wannan gaban shaidu biyu ranar miƙa makulli, mai unguwa ko dillalin da ya haɗa su yana wurin, tun ɗakin ba a sa kowa ba.