Wa zai zauna a ɗakin sarrafa tankunan kwalta?

Yau kan kwalta za mu yi magana. E, baƙar kwaltar nan da muke takawa kullum. Amma ba a kan titi zan tsaya ba, inda ake ajiye ta zan kai ku.

Yawancin kwaltar da ake shimfiɗawa a Najeriya ta jirgin ruwa ake shigo da ita, a sauke a manyan tankuna a tashoshi irin na Legas da Fatakwal, sannan tanka ta ɗauko ta zuwa Arewa. Alhali muna da ita kwance a ƙasa a Agbabu ta jihar Ondo, kuma matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 da sashen yin kwalta aka gina ta. To, wannan zancen wata rana ne.

Ita kwalta ba kamar fetur take ba. In ta huce daskarewa take yi ta toshe bututu, don haka sai an riƙe ta da zafi wajen digiri 150 zuwa sama. A wannan zafin, ruwa kaɗan ya shiga tanki, nan take zai zama tururi, ya kumbura fiye da sau 1,000, kwaltar ta yi kumfa ta kwararo. Ga kuma iska mai guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke taruwa a saman tanki. A haka ma'aikaci ke hawa, ya buɗe murfi, ya zura tef ya auna. Ku duba fa.

Yanzu a tashoshin zamani na'ura ke wannan aikin. Rada a saman tanki tana auna yawan kwalta. Ma'aunin zafi yana sanar da kwamfuta, ita kuma ta ƙara ko ta rage zafin man da ke zagayawa cikin bututun ɗumama tanki. In tanki ya kusa cika, ƙararrawa ta buga, bawul ya rufe da kansa. Lodin tanka ma da awo ake yi, babu "ƙara kaɗan".

Na san abin da wani zai ce: aikinmu za a ƙwace. Gaskiya ne, hannun da ake buƙata zai ragu, ba zan ɓoye muku ba. Amma ku ji wannan. A Disambar 2005, a defon mai na Buncefield a Ingila, ma'aunin wani tankin fetur ya maƙale, na'urar hana cikowa ita ma ba ta yi aiki ba. Mai ya yi ta malala har wurin ya fashe. Na'ura ce fa, amma ba ta samu kulawar da ta dace ba.

Ke nan aikin bai mutu ba, wuri ya sauya. Ana neman mai gyara ma'auni, mai daidaita shi, mai karanta allon kwamfuta ya gane matsala tun kafin ta girma.

'Yan uwana matasa, maza da mata, ana koyar da fannin lantarki da na'urorin awo a foliteknik, ga kuma makarantar PTI a Effurun. Ku nema. Shugabanninmu kuma mu tambaye su: cikin kwangilar tituna, ina kason horar da yaranmu? Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku tura wa wani.