Inji ma Numfashi Yake Yi: Jawabi ga Ɗalibai a Gammo



Abin da muka ajiye gabanku kan tebur ƙaramin jirgin sama ne, irin wanda mutum ke tsayawa a ƙasa yana sarrafa shi da na'urar rediyo. Wani zai ce kayan wasan yara ne. To, amma injin da ke hancinsa, wanda bai fi a damƙe shi a hannu ba, yakan juya farfela fiye da sau 10,000 a minti guda, kuma ɗan'uwan injin tsohon babur ne da na ƙaramin janareta, watau inji mai bugu biyu.

Man wannan inji haɗi ne na mitanol da man shafawa, wanda yakan kai kusan kashi ɗaya cikin biyar. Tun asali man zurma ake sa masa, zurmar nan da ke fitowa a bayan gidajenmu. Shi man shafawa ba ya ƙonewa duka, sai ya biyo hayaƙi ya yi wa fiffike kaca-kaca. Saboda haka masu jiragen sukan cusa 'yar tiyon roba a bakin salansa, don ta karkatar da hayaƙin. Jirgi ya tsabtata, amma a nan ne ake iya rasa ido garin neman gira.

Inji mai bugu biyu ba shi da bawul. Yayin da fistin ya sauko, sai ƙofar hayaƙi ta buɗe, sabon mai da iska su shigo su kori ƙonannen, cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Idan tiyon ta cika tsawo, ko ta yi ƙunci, ko ta lanƙwashe, sai hayaƙi ya rasa hanyar fita da wuri. Ragowarsa ta tare wa sabon mai wuri, ƙarfi ya ragu, zafi kuwa ya ƙaru.

Akwai kuma wata illa ɓoyayya. Daga jikin salansa wani siririn bututu ke kai iska cikin tanki, tana tura mai zuwa kafireto. Da an sa tiyo, turin ya ƙaru, mai ya yi wa inji yawa, dole a sake daidaita allurar kafireto. In kuwa an daidaita, sa'an nan tiyon ta fice jirgi yana sama, sai mai ya yi kaɗan, inji ya ɗau zafi ya mutu, aikin watanni ya faɗo cikin gonar dawa.

Kada mu raina wannan ilmi. A Jamus ta Gabas, injiniya Walter Kaaden na kamfanin MZ ya ƙware wajen ƙera salansa mai kumburarren ciki, wadda ke mayar da bugun hayaƙi baya a daidai lokaci, ya tura man da ya sulale ya koma silinda. A 1961 mahayinsa Ernst Degner ya tsere da wannan sani, a 1962 kuwa ya ci wa Suzuki gasar duniya ta ƙananan babura. Ashe bututun hayaƙi rabin inji ne.

Mu dawo gida. Sau nawa muka ga an jona wa janareta dogon siririn bututu don a kai hayaƙi waje, ko salansar babur ta toshe da baƙin mai, maigida yana ta sayen fulogi a banza? Fitar da hayaƙin wajibi ne, gama yana kisa a rufaffen ɗaki, sai dai bututun ya zama gajere, mai faɗi, marar gwiwa. Kuma a gwada inji kafin canji da bayansa, a rubuta abin da aka gani.

A 2007 Mubarak Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota. Basira ba ta yi mana ƙaranci ba, awo da rubutawa muka raina. Mu da muka sami karatu da kuɗin manoman ƙasar nan, mu ne ya kamata mu zauna da makanikan garinmu a kan haka.