RANGWAMEN KUƊIN WUTA A TASAWA DA MAYAHI: WA KE CI, WA KE KALLO?



Ranar 27 ga watan Maris na 2020, lokacin da cutar korona ta sa aka rufe iyakoki da makarantu, Shugaba Isufu Mahamadu ya yi wa ƴan ƙasa jawabi. Daga cikin matakan da ya bayyana akwai ɗaya da ta fi shiga kunnen talakawa, watau gwamnati ta ɗauki nauyin biyan kuɗin wuta da na ruwa na watannin Afrilu da Mayu ga masu ƙaramin ƙarfi. An yi murna, kuma murnar tana da dalili, domin ba kasafai hukuma kan ce wa talaka ya mai da hannunsa aljihu ba. Amma da aka fara raba takardun kuɗin wuta na waɗannan watanni, sai magidanta da dama suka tarar ba su cikin waɗanda aka yafe wa, alhali kuwa tukunyarsu ba ta fi ta maƙwabtansu nauyi ba. Wannan lamari ya cancanci a sake dubansa da idon basira, domin ya fito da wani ciwo da ya girmi korona, ciwon da tafiyarta ba ta warkar ba.

Da farko sai a san wane ne mai ƙaramin ƙarfi a idon kamfanin Nigelec. Ba a zuwa gidan mutum a ƙirga ƴaƴansa, ba a leƙa rumbunsa. Mita ake tambaya. Bisa tsarin farashin da ya fara aiki a watan Janairu na 2018, a ƙarƙashin kulawar hukumar ARSE mai daidaita sha'anin makamashi, an ware rukuni na musamman ga wanda ya ɗauki ƙaramar mita kuma abin da ya sha a wata bai wuce kilowat 50 ba. Shi ana sayar masa da kilowat a kan kimanin sefa 60. Wanda ya haura wannan iyaka ya fita rukunin, kuma gwargwadon yadda shansa ya ƙaru, gwargwadon yadda kuɗin kowane kilowat ke hawa. A takarda wannan adalci ne: mai na'urar sanyaya ɗaki ya tallafa wa mai ƙwai biyu da fanka ɗaya.

To, a yi lissafi irin na ƴan kasuwa. Fanka ɗaya da ke juyawa sa'a goma kowane dare takan ci wajen kilowat 15 a wata. A ƙara ƙwayayen wuta uku irin na zamani da akwatin talabijin da cajin wayoyi, za a tarar magidanci ɗaya yana wajen kilowat 30, watau yana cikin rangwame da sauran sarari. Amma gida nawa ne a cikin garin Tasawa ke da magidanci ɗaya a kan mita ɗaya? A gidan haya za a iske malamin makaranta da tela da direba da bazawara mai ƴaƴa huɗu, kowa da ɗakinsa, dukansu a kan mita guda. A gidan gado za a iske ƴan'uwa biyar da iyalansu a kan mitar da har yanzu take ɗauke da sunan marigayi mahaifinsu. Talakawa huɗu masu kilowat 30 kowanne, in aka haɗa su, sun zama attajiri ɗaya mai kilowat 120. Mita ba ta san ƙirga kawuna ba. Saboda haka rashin halin da ya hana su mallakar mita kowa da tasa, shi ne kuma ya fitar da su daga rukunin marasa hali.

Daɗin daɗawa, watannin da aka zaɓa su ne tsakiyar bazara, lokacin da fanka ba ta hutawa dare da rana, kuma azumin 2020 ya faɗo a cikinsu, daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Mayu. Matar da ke ciyar da marayu da sayar da ƙanƙara da zoɓo lokacin buɗa baki, firjinta kaɗai ya isa ya kai ta bakin iyakar nan ko ya tsallakar da ita. Ita ma, a lissafin mita, mai hali ce.

Wani zai ce magani a fili yake: kowa ya nemi mitarsa. Nan ne wahalar take, kuma duk wanda ya taɓa bin wannan hanya jikinsa ya gaya masa. Rangwamen kansa ba a cika masa takarda, amma mita ana cika mata, don haka neman mita shi ne neman taimakon. A ɗauki misalin malamin makarantar da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Tasawa ya kama hayar ɗaki biyu. Za a nemi katinsa na ɗan ƙasa, wannan yana da shi. Za a nemi shaidar cewa gidan nasa ne, ko kuwa yardar mai gida. Mai gida yana Kano wajen fatauci, ko ya tafi ci-rani arewa, ko yana nan amma ba ya so, domin mita ɗaya da sunansa ita ce sandar da yake kora masu haya da ita: shi ke karɓar takarda, shi ke raba wa kowa kasonsa, kuma ba kowane mai haya ke ganin takardar da idonsa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. In an yi sa'a mai gida ya yarda, sai a jira ma'aikaci ya zo ya auna nisan gidan da turken wuta, a yanka kuɗin aiki, a biya shi tare da kuɗin ajiya tun kafin ƙwai ɗaya ya kama. In unguwar sabuwa ce, turke ya yi nisa, to kuɗin ya fi ƙarfin albashi. Sannan a koma jiran mita. Malamin nan ya san cewa bayan shekara biyu ko uku ana iya sake tura shi Korgom ko Urafan, ya bar mitar a bangon wani. Ba mamaki in ya haƙura.

Wannan ke nan ga mai ilimi, mai albashi, mazaunin gari. Manomin da ke wani ƙauye na Kanambakashe ko Gidan Amumun, in har waya ta ratsa garinsu, tafiyarsa ta fi tsawo. Katin ɗan ƙasa yana bukatar takardar haihuwa, kuma wanda aka haifa a gida ba a rubuta shi ba sai ya bi ta hannun alƙali a yi masa madadinta. Gidansa gado ne tun kaka da kakanni, shaidarsa mai gari ne da dattawa, ba wata takarda mai hatimi ba. Kowace takarda da ranarta, kowace rana da kuɗin motarta da wunin da aka bari a gona ko a kasuwa. A kuma tuna abin da ake wa wannan zirga-zirga: wanda ya sha kilowat 50 cif, kuɗin wutarsa ba su fi jika uku a wata ba, ban da ƴan ƙananan kuɗaɗen da ake ɗorawa. Watanni biyu na korona, jika shida ke nan. Ɗan kasuwa ba ya bukatar a gaya masa ko wannan ciniki ya fitar da uwar kuɗi.

Babu wanda ke cewa ba a yi komai ba. An kafa hukumar ANPER a 2013 domin kai wuta karkara. Bankin Duniya ya amince da shirin NELACEP a 2015, da na hasken rana NESAP a 2017, da shirin Haske a ƙarshen 2021, kuma ta hanyar irin waɗannan shirye-shirye an sha yin kamfe na jona wuta da rahusa. Illa iyaka kamfe abu ne mai zuwa ya wuce. Wanda ya ji labari da wuri, takardunsa a shirye, shi ke samu, kuma an san su wa suka fi saurin jin labarin ofis. Talaka yakan ji ne bayan an rufe rajista.

Abin da ya fi wannan duka nauyi shi ne yawan waɗanda maganar ba ta ma shafe su ba. A ƙidayar 2012 gundumomin Tasawa da Mayahi a haɗe sun haura mutum miliyan ɗaya, mafi yawansu a ƙauyuka. A shekarar da aka yi wannan yafiya, waɗanda ke da lantarki a duk faɗin Nijar ba su kai kashi 20 cikin 100 ba, a karkara kuwa abin ya fi haka ƙaranci nesa ba kusa ba. Shin mutumin Cake ko na Hawan Dawaki ba ya biyan kuɗin wuta? Yana biya, kullum ma kuwa. Yana sayen batir na cocila da rediyo. Yana ba mai janareta kuɗin cajin waya. Yana biyan mai injin niƙa, wanda shi kuma yake biyan gazuwal. Matarsa tana biya da ƙafarta da wuyanta wajen neman itace da kara, in sun yi wuya ta koma ga kashin shanu da ya kamata ya tafi gona. Fiye da gida tara cikin goma a ƙasar nan da itace ko dangoginsa suke girki. Wannan shi ne ainihin kuɗin wutar gida a ƙasar Gulbin Kaba, sai dai ba ya zuwa da takarda, abin da ba shi da takarda kuwa gwamnati ba ta da wurin buga masa hatimin yafiya.

Gas ma haka labarinsa yake. Bayan buɗe matatar mai ta Soraz a jihar Damagaram a ƙarshen 2011, an kayyade cikon tukunya mai kilo 6 a kan sefa 1,800, farashin da ya yi sauƙi ƙwarai in aka gwada shi da na ƙasashe maƙwabta. Motocin da ke ɗauke da shi ta tsakiyar Tasawa suke ratsawa a kan babbar hanya. Amma kafin mace ta ci moriyar sauƙin ciko sai ta mallaki tukunyar da kan murhunta, kuɗi a dunƙule, ita kuwa da dala-dala take sayen itace. Tukunyar gas ta zama ƴar'uwar mita: ƙofa ce mai tsada da aka ajiye rahusa a bayanta.

Akwai wani abin lura da ya kamata ma'aikata musamman su yi tunani a kai. Hukuma ta fi tuna mita ranar karɓa. A 2005 an ɗora harajin kashi 19 cikin 100 a kan kayan masarufi, har da ruwa da wuta, sai da ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa ya rufe kasuwanni da tashoshi a Yamai da Maradi da Damagaram kafin gwamnati ta sassauta a watan Afrilu. Dokar kasafin kuɗi ta 2018 ta rataya harajin gida a wuyan mai mita, aka yi ta zanga-zanga, har aka kama shugabannin ƙungiyoyin farar hula irin su Musa Cangari da Nuhu Arzika da Ali Idrisa a watan Maris na wannan shekara. Mutumin da ya ga haka, in ya yi ɗari-ɗari da sa sunansa a rajistar kamfani, ba jahilci ke damunsa ba.

Sannan rangwame yana da amfani ne in akwai wutar. Tun 1994 wutar wannan yanki daga Katsina take shigowa, ta sauka a tashar Gazawa, maƙwabciyar Tasawa, a rarraba ta zuwa Maradi da Damagaram. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Nijeriya ta katse wayar a farkon Agusta bisa takunkumin CEDEAO, a lokacin da kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nigelec daga can yake zuwa, kuma ba a ɗage takunkumin ba sai a watan Fabrairu na 2024. A waɗannan watanni mai mita da maras mita sun sha zama a duhu ɗaya, tela da mai walda da mai ƙanƙara suka koma sayen mai da tsada, domin Nijeriya ta riga ta janye tallafin fetur tun ƙarshen Mayu na 2023. Babu takardar neman taimako da aka buga domin wannan asara.

Gyaran da ake bukata bai fi ƙarfin hukuma ba, kuma mafi yawansa ba ya cin kuɗi kamar yadda yake cin niyya. Mai haya ya sami damar karɓar mita da sunansa bisa shaidar mai unguwa, ko da mai gida ba ya nan. A raba kuɗin jona wuta a cikin takardun wata-wata, kamar yadda kowane ɗan kasuwa a nan ke ba abokin cinikinsa kaya ya biya sannu a hankali. Inda ba a iya ba kowa mitarsa ba, a ƙirga magidantan da ke kan mita ɗaya, a faɗaɗa musu iyakar kilowat 50 gwargwadon yawansu. Sharuɗɗa da farashi kuma a karanta su da Hausa a gidajen rediyon karkara, a liƙa su a ƙofar ofis, domin rabin wahalar mai nema ita ce rashin sanin abin da za a tambaye shi kafin ya baro gida. Tun da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilu na 2024 aka naɗa kantomomi, nauyin kai wannan kuka gaba ya ƙara komawa kan sarakuna da ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na ƙwadago, waɗanda wakilansu ke zaune a wannan wuri.

A halin da ake ciki, ƙauyawa ba su tsaya jira ba. Duk wanda ya zaga kasuwar Tasawa ko ta Mayahi zai ga faifan hasken rana da batura da fitilun ƙasar Sin jere a gaban shaguna, masu kyau da na jabu a haɗe, ba mai tantance wa mai saye wanne ne wanne. Manomi yakan sayar da akuya ko buhun wake ya ɗauki faifai ɗaya ya ɗora a kan ɗaki, ya biya farashinsa cif ba rangwamen ko dala, in kuma batirin ya mutu bayan wata uku ba shi da ofishin da zai kai ƙara. Alhazan da ke shigo da waɗannan kaya su ma suna da tambayar da za su amsa a wannan zama.